Karatun Injiniyancin Na'urorin Asibiti a Jami'ar Gwamnati

Injiniyancin na'urorin asibiti fanni ne da ya haɗa ilimin lantarki, kanikanci da kwamfuta da sanin yadda jikin ɗan Adam yake aiki, domin ƙerawa, girkawa, gwadawa da gyara kayan aikin lafiya. Mai wannan ilimi ba ya duba mara lafiya. Aikinsa shi ne tabbatar da cewa abin da na'ura ta nuna wa likita daidai ne, kuma ba za ta cutar da wanda aka jona mata ba.

A jami'o'in gwamnati na Najeriya karatun shekara biyar ne. Ana neman kiredit biyar a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci, lissafi, fiziks da kemistiri, waɗanda su ne kuma darussan da ake rubutawa a JAMB. Jami'o'in tarayya na Ilori da Legas na cikin masu koyar da shi. Ɗalibin Kaduna yana da wata hanyar: ya karanta injiniyancin lantarki ko na kanikanci a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka kafa a 1962, sannan ya ƙware a kayan asibiti. Ko wace hanya aka bi, a fara bincika ko hukumar jami'o'i ta NUC da majalisar injiniyoyi ta COREN sun amince da kwas ɗin, domin rajistar zama cikakken injiniya ta rataya a kan haka.

Shekarun farko lissafi ne, fiziks da zanen injiniya, kuma a nan waɗanda suka shigo da tunanin likitanci suke shan wuya. Daga baya ake shiga tsarin gaɓoɓin jiki, da'irar lantarki da sarrafa sigina. Siginar zuciya da na'urar ECG take ɗauka ba ta wuce milibolt ɗaya ko biyu ba (milibolt kashi ɗaya ne cikin dubu na bolt), ga shi wutar lantarkin ƙasar nan tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa. Idan wayar ƙasa, wato wadda ke kai wutar da ta ɓalle zuwa cikin ƙasa, ba ta da kyau, ko maƙalen da ke jikin fata ya bushe, wannan kaɗawar sai ta hau kan layin zuciya ta dagula shi. Ɗalibi yakan koyi haɗa matatar da ke cire ta, amma ƙwararre wayar ƙasa yake fara dubawa.

A aji huɗu ana fita horon sanin makamar aiki, wato SIWES, na wata shida. Asibitin Koyarwa na ABU da ke Shika, da na Barau Dikko, da Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna duk wurare ne masu tarin na'urori, kuma a irinsu ake ganin abin da yanayi yake yi wa kaya. Na'urar tace iskar oksijin misali ce mai kyau. Kwamfuresa tana tura iska cikin tulu biyu masu cike da ƙwayoyin ziyolait, waɗanda ke riƙe naitirojin su bar oksijin mai tsarkin kashi 90 zuwa sama ya wuce. Ƙurar hunturu tana toshe soson da ke bakin shigar iska, kwamfuresa ta yi zafi. Laimar damina kuwa tana kashe ziyolait. Haɗarin shi ne na'urar za ta ci gaba da ƙugi, ma'aunin gudun iska yana nuna lita biyar a minti, alhali tsarkin ya faɗi. Sai an sa ma'aunin oksijin ake ganewa. Shi ya sa ake wanke soson duk mako, a shanya shi ya bushe sarai kafin a mayar.

Tukunyar kashe ƙwayoyin cuta na jikin kayan aikin asibiti tana aiki da tururi mai zafin digiri 121 a ma'aunin Salshiyas na tsawon minti 15 zuwa 30. Ruwa mai gishirin ƙasa yana bar wa ƙarfen dumamarta farin ɓawo har ya ƙone, don haka tataccen ruwa ake zuba mata. Kayan gudummawa daga Amurka kuma da yawansu an gina su ne a kan bolt 120, wutarmu kuwa 230 ce. Wanda ya jona irinsu ba tare da taransifoma ba, nan take allon na'urar zai iya ƙonewa. Kafin a kunna kowace sabuwar na'ura, ana karanta farantin da ke bayanta tukuna.