Na'urar yanka ta lantarki ta masu sana'ar hannu

Na'urar yanka ta lantarki ƙaramin inji ne mai girman firinta, wanda ke karɓar zane daga kwamfuta ko waya ya yanke shi a jikin takarda, kwali, ledar binil, yadi ko siririyar fata. Da ita ake yin sitika, katin gayyata, rubutun da ake mannawa a riga da tambarin kwalabe. Sunaye uku suka fi yawa a kasuwa: Cricut da Silhouette daga jihar Utah ta Amurka, sai ScanNCut na kamfanin Brother na Japan.

Yadda take yanka

Ana manna kayan a kan wata tabarmar roba mai danƙo, galibi inci 12 kowane gefe. Tayoyi suna jan tabarmar gaba da baya, kan injin kuma yana kai ƙaramar wuƙa hagu da dama. Wuƙar ba ta da injin da ke juya ta. Tana juyawa ne cikin gidanta, tana bin inda aka ja ta. Shi ya sa ƙananan haruffa masu kusurwa suke fi ba na'urar wuya. Wuƙa mai kusurwar digiri 45 ta isa ga takarda da binil, kaya masu kauri kuwa sai mai digiri 60.

Abin dubawa kafin saye

Tambayar farko ita ce me za a riƙa yankawa, domin ita ke nuna ƙarfin dannawar da ake bukata. Binil da takarda ba sa bukatar fiye da 'yan ɗaruruwan giram. Cricut Maker, wadda ta fito a 2017, tana danna har kilo 4, kuma tana da wuƙa mai kewaya da ke yanka yadi ba tare da an manna masa takarda a baya ba, da wata doguwa da ke ratsa kauri har milimita 2.4. Silhouette Cameo 4 ta 2019 tana kai kilo 5, amma a mazaunin wuƙa na biyu kaɗai. Na farkon, wanda aka fi aiki da shi, giram 210 ne. Wannan bambanci yakan ɓace a talla. Wanda sitika da riguna kawai zai yi ba shi da dalilin biyan kuɗin ƙarfin da ba zai taɓa amfani da shi ba.

Sai faɗi. Cricut Joy ba ta wuce inci 4.5, don haka babban rubutun gaban riga ya fi ƙarfinta. Cameo kuwa akwai ta inci 12, da 15, da 24.

Manhaja ta fi waɗannan duka tasiri a aikin yau da kullum, kuma ita ce masu saye suka fi mantawa da ita. Design Space ta Cricut tana da sauƙin koyo, sai dai ta jingina sosai ga intanet da asusun mai amfani, kuma zanuka da haruffa da yawa na cikinta sai da biyan kuɗin wata. A watan Maris na 2021 kamfanin ya sanar cewa wanda ba ya biyan wannan kuɗi ba zai ɗora zanensa fiye da 20 a wata ba, amma ya janye bayan masu na'urar sun yi ca a kansa. Silhouette Studio tana aiki ko babu intanet, kuma ta fi ba da damar sarrafa zane, amma ta kyauta ba ta buɗe fayil ɗin SVG, wato nau'in fayil ɗin zane da aka saba yankawa, sai an sayi matakin Designer Edition. ScanNCut tana da sikana da allo a jikinta: a zana abu da hannu, ta ɗauki hotonsa, ta yanke, babu kwamfuta a tsakani. Manhajojin kamfanonin uku duk ana sauke su kyauta, saboda haka ya kamata a gwada su tun kafin a fitar da kuɗi. Inda intanet ke da tsada ko yawan yankewa, wannan gwaji kaɗai kan iya raba gardama.

Kuɗin injin ba shi ne ƙarshen kashewa ba. Wuƙa tana dakushewa, tabarma tana rasa danƙo, kuma na wannan kamfani galibi ba sa shiga injin wancan. A tabbatar ana samun su kusa.

Matsaloli da sanadinsu

Takarda na yagewa idan wuƙa ta dakushe ko tabarma ta cika danƙo. Cricut ta bambanta tabarminta da launi: shuɗiya ga takarda, koriya ga binil, sai mai launin shunayya ga kaya masu kauri da ruwan hoda ga yadi. Idan kaya suna zamewa, ƙura ce ko zare suka rufe danƙon. A mayar da ledar murfin tabarma bayan kowane aiki, musamman lokacin hunturu.

A binil, ana so wuƙa ta yanka ledar ta bar takardar bayanta lafiya. Idan ta ratsa duka, an yi yawan dannawa. Maganin shi ne ƙaramin yankan gwaji a kusurwa duk lokacin da aka sauya kaya.

Binil na riga ana kifa shi ne, gefe mai sheƙi a ƙasa, kuma dole a juya zanen kamar a madubi, in ba haka ba rubutun zai fito a birkice. Bayan an tsince rarar da ƙugiya, yawanci ana danna shi da zafi kusan digiri 150 a ma'aunin Celsius na daƙiƙa 10 zuwa 15, gwargwadon umarnin mai ledar. Dutsen guga na gida yana yi, amma zafinsa ba ya bazuwa daidai, shi ya sa gefunan haruffa ke ɗagowa bayan wanki.

Waɗannan na'urori ba sa buga launi. Sitika mai hoto sai an buga ta a firinta tare da baƙaƙen alamomi a kusurwa, waɗanda idon injin ke karantawa. Takarda mai ƙyalli ko hasken rana kai tsaye sukan rikita wannan ido.

Mai sayowa daga Amurka ya karanta rubutun jikin caja. Yawancin injinan yanka suna karɓar bolt 100 zuwa 240, amma injin danna zafi da aka yi wa kasuwar can yakan tsaya a 120, kuma wutar Najeriya da Nijar mai 220 zuwa 230 za ta ƙona shi idan babu taransifoma.