Spider-Man 2 (2004) da Matsayinsa a Wurin Masu Karatun Labaran Zane

Spider-Man 2 fim ne na Amurka da ya fito ranar 30 ga Yuni, 2004. Shi ne kashi na biyu a cikin finafinai uku da darakta Sam Raimi ya yi a kan jarumin nan mai baiwar gizo-gizo, kuma kamfanin Columbia Pictures ne ya fitar da shi. Alvin Sargent ya rubuta wasan, bisa labarin da Alfred Gough da Miles Millar da marubuci Michael Chabon suka tsara. Tobey Maguire ya sake fitowa a matsayin Peter Parker, wato Spider-Man, Kirsten Dunst ta fito a Mary Jane Watson, James Franco a Harry Osborn, sai Alfred Molina da ya hau kujerar mugu, wato Dakta Otto Octavius. Tsawon fim ɗin minti 127 ne. An kashe masa kimanin dala miliyan 200, ya kuma kawo sama da dala miliyan 780 a faɗin duniya.

Fim ɗin yana da wata daraja ta daban a wurin waɗanda suka taso da karatun mujallun labaran zane na kamfanin Marvel. Ya sauya abubuwa da yawa daga yadda suke a takarda, wasu ma manya, amma duk da haka da yawansu suka karɓe shi hannu bibbiyu. Dalili kuwa shi ne ya riƙe abin da ya sa suka so jarumin tun farko: Peter Parker talaka ne, kullum cikin bashi da makara da saɓa alkawari, kuma baiwar da ya samu ba ta rage masa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, ƙara masa ma ta yi.

Asalin jarumin a takarda

Marubuci Stan Lee da mai zane Steve Ditko ne suka ƙirƙiro Spider-Man. Ya fara bayyana a mujallar Amazing Fantasy ta 15 a watan Agusta 1962, kuma a 1963 aka buɗe masa tasa mujallar, The Amazing Spider-Man. A fitowa ta 3 ta wannan mujalla, a Yulin 1963, aka gabatar da Octavius, masanin kimiyyar nukiliya wanda hatsari ya manne wa hannuwan ƙarfe huɗu a jiki. An yi masa laƙabi da Dakta Octopus, sunan wata halittar teku mai hannuwa takwas. Lokacin da Raimi ya ɗauko shi, masu karatu sun shekara arba'in da sanin wannan mugu.

Labarin a taƙaice

Shekara biyu bayan abin da ya faru a kashi na farko, al'amura sun cakuɗe wa Peter. An kore shi daga aikin kai wa mutane fiza saboda makara, karatunsa a Jami'ar Columbia yana ja da baya, mai gidan haya yana tare shi a bakin ƙofa, banki kuma na shirin karɓe gidan Gwaggo May, matar baffansa Ben wadda ta rene shi. Mary Jane ta gaji da jira, ta amince za ta auri ɗan sama-jannati John Jameson. Harry, aminin Peter, na neman Spider-Man ruwa a jallo, don yana ganin shi ya kashe masa uba.

A ɗaya gefen, Octavius yana gwajin wata na'urar samar da makamashi da kuɗin Oscorp, kamfanin su Harry. Gwajin ya ɓaci, matarsa Rosie ta mutu a wurin, 'yar na'urar da ke hana hannuwan ƙarfen juya masa tunani ta ƙone. Daga nan hannuwan suka fara ba shi umarni. Peter kuwa ƙarfinsa ya riƙa ɗaukewa, yanarsa ta daina fita, har ya yanke shawarar ajiye aikin baki ɗaya. Sai da Octavius ya sace Mary Jane sannan ya dawo. A ƙarshe Octavius ya dawo cikin hayyacinsa, ya nutsar da na'urar a kogi tare da kansa, Mary Jane kuma ta bar wurin ɗaurin aurenta ta nufi ɗakin Peter.

Abin da mai karatu ke gani wanda wani ba ya gani

Ƙashin bayan fim ɗin ya fito ne daga fitowa ta 50 ta The Amazing Spider-Man, wadda aka buga a Yulin 1967, Lee ya rubuta, John Romita babba ya zana. A ciki akwai wani shafi da ya shahara ƙwarai: Peter ya juya baya yana tafiya a wani lungu, kayan Spider-Man kuma na cikin garwar shara. Raimi ya maimaita wannan hoto kusan daidai wa daida, garwar a gaba, abin rufe fuskar na leƙowa daga bakinta, saurayin yana nisa a bayanta. Wanda bai taɓa buɗe mujallar ba zai ga wuri mai taɓa zuciya, ya wuce. Wanda ya san shafin kuwa yana ganin abin da ya shekara yana kallo a takarda ya tashi yana motsi, kuma ya gane cewa masu fim ɗin sun karanta abin da shi ma ya karanta. Wannan ganewar ita ce rabin daɗin irin wannan fim a wurin mai karatu. A takarda da a fim duka, an kai kayan ofishin J. Jonah Jameson, editan jaridar Daily Bugle, sai dai a takarda wani yaro ne ya kai, a fim kuma mai kwashe shara.

Ɗaukewar ƙarfin Peter ma ba sabon abu ba ne. A mujallar shekara-shekara ta farko, ta 1964, ya rasa baiwarsa na ɗan lokaci saboda damuwa da ganin laifin kansa a mutuwar Baffa Ben, kuma a wannan labarin ne Octavius ya haɗa miyagu shida suka sace Gwaggo May. Haka nan wurin da Peter ya tallafe bango da bayansa don kada ya danne Mary Jane yana tuna wa masu karatu fitowa ta 33 ta 1966, inda Ditko ya ɗauki shafuka yana zana Spider-Man a ƙarƙashin tulin ƙarafa, ruwa na zuba a kansa, yana ɗagawa kaɗan-kaɗan.

Akwai kuma ƙananan abubuwa da aka warwatsa don masu lura. Sunan mai gidan hayar Peter, wato Mista Ditkovich, girmamawa ce ga Ditko. Malamin da ke yi wa Peter faɗa a jami'a, Dakta Curt Connors mai hannu ɗaya, a takarda shi ne ya rikiɗe ya zama wani mugun ƙadangare tun 1963. John Jameson, ɗan editan nan, shi ma yana da nasa tarihin rikiɗa zuwa kyarkeci. Stan Lee da kansa ya gifta na 'yan daƙiƙu yana janye wata mata daga ɓaraguzan da ke faɗowa. Hotunan da suka buɗe fim ɗin, waɗanda suka maimaita labarin kashi na farko yayin da sunaye ke wucewa, Alex Ross ne ya zana su, mutumin da masu karatu suka sani da zanen jarumai kamar mutanen gaske.

J. K. Simmons a matsayin edita Jameson shi ne wanda kusan ba a yi saɓani a kansa ba. Askinsa da gashin bakinsa da sigarinsa da yadda yake magana kamar ana korarsa, duk sun zo daidai da na takarda.

Octavius: babban sauyin da aka yafe

Octavius na takarda mutum ne mai girman kai da ƙeta, ba ya neman tausayin kowa. Har ya taɓa kusan auren Gwaggo May a wani labari na 1974, don wani gadon dukiya da yake hari. Na fim ɗin kuwa an ba shi mata da yake ƙauna, an zaunar da shi da Peter a teburin cin abinci yana ba shi shawara a kan ilimi da soyayya, an kuma ɗora rabin laifinsa a kan hannuwan ƙarfen. Irin wannan sauyi yakan tayar da ƙura tsakanin masu karatu, amma a nan bai tayar sosai ba, domin ya yi wa labarin aiki. Octavius mutum ne da ya kasa sakin burinsa, Peter kuma ana neman ya saki nasa. Kalmomin da Peter ya dawo da shi hayyacinsa da su a ƙarshe, na Gwaggo May ne, a kan cewa wani lokaci yin daidai yana buƙatar mutum ya haƙura da abin da ya fi so.

Hannuwan kansu an haɗa dabaru biyu wajen yin su. A wuraren da kyamara ke kusa, hannuwa ne na gaske da aka ƙera, mutane na juya su daga gefe. A wuraren da yake hawa bango ko jifa da motoci, aikin kwamfuta ne. Shi ya sa suke da nauyi a ido. Wurin da likitoci suka yi yunƙurin yanke su a asibiti, Raimi ya ɗauke shi da salon finafinan ban tsoro da ya fara suna da su: babu kiɗa, sai ihu da ƙarar ƙarfe da inuwa a bango, da faratan wata ma'aikaciya suna kartar ƙasa yayin da ake janta.

Faɗan jirgin ƙasa

Wurin da aka fi tunawa da shi shi ne faɗan da aka yi a kan jirgin ƙasa mai bin gada ta saman titi. An ɗauko hotunan hanyar ne a Chicago, domin tsakiyar Manhattan, a birnin New York inda labarin ke faruwa, ba ta da irin wannan layi a yau. Octavius ya lalata birki ya gudu, Peter ya tsaya a gaban jirgin ba abin rufe fuska, ya harba yana ga gine-ginen hagu da dama, ya riƙe har rigarsa ta yage, jirgin ya tsaya a bakin ƙarshen gada. Ya suma, fasinjoji suka tare shi, suka miƙa shi hannu zuwa hannu ta saman kawunansu, suka kwantar. Wani dattijo ya dube shi ya ce ashe yaro ne, bai girmi ɗansa ba. Yara biyu suka miƙo masa abin rufe fuskarsa, aka yi masa alkawarin ba za a faɗa wa kowa ba. Ga wanda ya shekara yana karanta yadda jaridar Jameson ke zagin wannan yaro da yadda gari ke gudunsa, wannan wuri biyan bashi ne da aka daɗe ana jira.

Akwai wani wuri marar hayaniya da ya kai wannan nauyi. Peter ya zauna ya gaya wa Gwaggo May gaskiyar yadda ya bar ɓarawon da ya kashe Baffa Ben ya wuce. Rosemary Harris, wadda ta fito a May, ba ta ce uffan ba. Ta zare hannunta daga nasa, ta tashi ta hau bene.

Ƙorafe-ƙorafe

Ba duka aka yaba ba. Tun kashi na farko wasu masu karatu ba su ji daɗin yadda yana ke fita daga jikin Peter ba, alhali a takarda shi ya ƙera na'urar harba ta da kansa, abin da ke nuna kaifin basirarsa. An kuma yi kukan cewa Spider-Man na Maguire ba ya zolayar abokan faɗansa kamar na takarda, wanda bakinsa ba ya shiru ko ana dukansa. Wasu sun ga ana yawan cire abin rufe fuska: fasinjoji sun gan shi, Harry ya gan shi, Octavius da Mary Jane ma haka, duk a fim ɗaya. Ƙorafin da ya fi ƙarfi shi ne na Mary Jane. A takarda mace ce mai raha da kuzari wadda ke cika wuri da zarar ta shigo, a nan kuma an sake mayar da ita wadda ake sacewa a je a ceto. Wannan ƙorafi yana da gaskiya, ko da yake ita ce ta yanke hukuncin ƙarshe a labarin, kuma a kan fuskarta mai cike da fargaba aka rufe fim ɗin.

Karɓuwa da abin da ya biyo baya

Masu sharhi sun yaba masa ƙwarai. Roger Ebert ya ba shi taurari huɗu, ya ce tun Superman na 1978 ba a yi fim ɗin irin waɗannan jarumai da ya kai shi ba. A bikin Oscar na 2005 ya ci kyautar ƙwarewa a dabarun hoto, wadda John Dykstra da abokan aikinsa uku suka karɓa, an kuma sa shi a takarar kyaututtuka biyu na sauti. A 2007 aka fitar da wani bugu mai suna Spider-Man 2.1 da ƙarin kimanin minti takwas, ciki har da wurin da Jameson ya sa kayan Spider-Man a ofishinsa yana tsalle a kan tebur.

Spider-Man 3 ya fito a 2007, ya ci gaba da labarin Harry daga inda ya gano ɗakin sirrin mahaifinsa. Ya kawo kuɗi fiye da na biyu, amma an soke shi da cunkoson miyagu. An yi shirin kashi na huɗu, aka fasa a farkon 2010, don haka Connors, wanda Dylan Baker ya fito a matsayinsa, bai taɓa rikiɗar da masu karatu suka zuba ido su gani ba. Molina da Maguire sun sake hawa matsayinsu a Spider-Man: No Way Home na 2021, inda aka gyara wa Octavius na'urar da ta ƙone shekara 17 kafin nan, ya koma yana taimakon jaruman.