Waiwaye: tun yaushe aka ɗora wa ƙananan hukumomi nauyin bala'o'i?

Duk lokacin da ambaliya ko guguwa ta share ƙauyuka, sai muhawara ta dawo sabuwa. Mutanen karkara su ce ba wanda ya gargaɗe su, ƙananan hukumomi su ce an ba su aiki ba a ba su kuɗi ba. Wannan ja-in-ja ta girmi yawancin masu yin ta.

Tarihin manyan taruka sananne ne. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware shekarun 1990 zuwa 1999 don rage ɓarnar bala'o'i, aka yi taron Yokohama na ƙasar Japan a 1994, aka amince da tsarin duniya na rage ɓarnar bala'o'i da ake kira tsarin Hyogo a 2005 bayan tsunamin 2004, sai wanda ya gaje shi, tsarin Sendai, a 2015. Kowanne ya nanata cewa al'umma ce sahun gaba.

Abin da ba a cika tunawa ba ya faru ne a Bangladash. A 1970 guguwar Bhola ta hallaka aƙalla mutum 300,000. Daga nan aka kafa shirin 'yan sa-kai na ƙauye-ƙauye, kowane rukuni da rediyo da lasifika da tutocin gargaɗi, su bi gida-gida suna gargaɗin mutane. A 1973 gwamnati ta karɓi nauyin kuɗin tafiyar da shirin na yau da kullum, tana aiki tare da ƙungiyar agaji ta Red Crescent. A ganina nan ne gaɓar. Albashin mai kula da rukunonin ya shiga kasafi, ba ya jiran ƙoƙon bara.

Ba a yi nasara dare ɗaya ba. Guguwar 1991 ta ci kusan mutum 140,000, mata sun fi maza mutuwa, abin da ya sa aka shigo da mata cikin aikin, aka ƙara gina mafaka. Da guguwar Sidr ta zo a 2007, mamatan ba su kai 5,000 ba.

Ƙasashe da dama sun kwaikwayi kwamitin ƙauye, suka bar kasafin a baya. Sai a kafa kwamiti da tallafin shekara biyu ko uku, tallafi ya ƙare, kowa ya kama gabansa. Tsarin Sendai ya nemi ƙananan hukumomi su mallaki nasu tsarin na rage ɓarnar bala'o'i zuwa 2020, kuma da yawa sun rubuta. Wanda zai biya kuɗin man babur ɗin da zai kai gargaɗi ƙauyen ƙarshe, shi ne har yau ake gardama a kansa.