Gyaran ramin sukuru da ya sude a kayan roba

Ramin sukuru a kayan roba yakan sude idan haƙoran da sukurun ya yanka a bangonsa suka cinye, sai ya riƙa juyawa ba ya kamawa. An fi ganin haka a murfin kayan lantarki da sassan cikin mota.

Dalilai

Babban dalili shi ne ɗaurewa fiye da kima, musamman da injin ɗaure sukuru. Na biyu, duk lokacin da aka mayar da sukuru ba a kan tsohuwar hanyarsa ba, sabbin haƙora yake yankawa, bango na ƙara cinyewa. Shi ya sa masu gyara ke fara murza shi baya a hankali har sai sun ji ya faɗa gurbinsa, sannan su ɗaure. Sukurun da aka ƙera don ƙarfe, mai haƙoran kusurwar digiri 60, yana tura bangon waje ya tsaga shi. Irin wanda aka ƙera don roba haƙoransa sun fi tsini, kusan digiri 30.

Hanyoyin gyara

Mafi sauƙi, a sa sukuru mai ɗan kauri ko tsawo, muddin bangon zai ɗauka. Wasu kan cusa siririn yankin roba a ramin, amma ba ya jure yawan kwancewa.

Ana kuma cika ramin da gam efoksi mai haɗi biyu. A goge maiƙo, a shafa wa sukurun bazilin don kada ya manne, a murza shi ciki, a bar shi awa 24. Gam ba ya kama robar polietilin da polifirofilin sosai. Su narkar da roba irinsu ake yi a cike ramin, a sake hudawa.

Gyara mai ɗorewa shi ne dasa gurbin tagulla mai haƙora a ciki. Na sukurun M3, wato mai kaurin milimita 3, yawanci yana son rami mai faɗin milimita 4. Ana ɗora shi a baki, a danna da ƙarfen soda mai zafi, a miƙe, har ya daidaita da saman, a bari ya huce kafin a ɗaure. Zafi ya yi yawa, robar ta zube. An yi gaggawa, gurbin ya karkace.

Zoben waya da ake murzawa cikin rami ya zama sabbin haƙora, irin na Helicoil, wanda ake danganta asalinsa da injinan jiragen sama a wajen ƙarshen shekarun 1930, ya fi dacewa da ƙarfe da roba mai tauri.

Gargaɗi

Ruwan kulle sukuru da ake sa wa ƙarfe yana tsattsaga robar ABS da polikabonet.