Tsabtar ɗakunan cin abinci a jiragen ruwan yawon shaƙatawa

Jirgin ruwan yawon shaƙatawa babban jirgi ne da ake ƙerawa don masu hutu, su kwana a ciki, su ci a ciki, yana yawo da su daga wannan tashar teku zuwa waccan. Tsabtar ɗakunan cin abincinsa fanni ne na kiwon lafiyar jama'a mai dokokinsa da masu bincikensa. Mutumin Maraɗi da bai san teku ba sai in fatauci ya kai shi Kwatano ko Lome zai iya ganin abin ya yi masa nisa. Amma jirgi ɗaya, kamar Icon of the Seas da ya fara aiki a 2024, yana iya ɗaukar fasinja har 7,600 da ma'aikata fiye da 2,000. Gari ne guda a rufe, ana dafa masa abinci safe da rana da dare, kuma babu inda mutum zai gudu. Duk wanda ya taɓa ciyar da taron biki ko suna ya san irin wannan nauyi, sai dai a jirgi bikin ba ya watsewa sai bayan mako guda ko biyu.

Cutar da aka fi tsoro

Mafi yawan ɓarkewar ciwon ciki da ake tabbatarwa a waɗannan jirage ƙwayar norobairos ce ke jawo su. Sunanta ya samo asali daga garin Norwalk na jihar Ohayo a Amurka, inda ta kwantar da ɗaliban wata makarantar firamare a 1968, sai a 1972 masana suka gano ta. Tana bayyana bayan awa 12 zuwa 48 da shigarta jiki, da amai mai zuwa ba sallama, da zawo, da murɗar ciki. Yawanci mutum kan warware cikin kwana ɗaya zuwa uku. Tsofaffi da ƙananan yara su ne abin ji, domin ruwan jikinsu na saurin ƙarewa, ga shi kuwa tsofaffi sun yi yawa a cikin masu irin wannan tafiya.

Ƙwaya ce mai naci. Kaɗan daga cikinta ya isa ya kwantar da ƙato, tana iya yin kwanaki a kan teburi ko mariƙin ƙofa, kuma ruwan nan mai alkol da ake shafawa a hannu ba ya kashe ta yadda ya kamata. Sai ruwa da sabulu, a cuɗa hannu na aƙalla daƙiƙa 20. Wurin da aka yi amai kuwa sai ruwan jabel mai ƙarfi.

A watan Janairun 2014 jirgin Explorer of the Seas ya katse tafiyarsa ya koma gida bayan kusan mutum 700 sun kamu. A Janairun 2019 ma an ga irin haka a Oasis of the Seas, inda mutum fiye da 500 suka kwanta. Sai dai adalci ne a faɗi cewa, a ƙididdigar CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, jiragen shaƙatawa kusan kashi ɗaya ne kacal cikin ɗari na ɓarkewar norobairos da ake kai rahotonsu. Gidajen kula da tsofaffi da asibitoci sun fi su nesa ba kusa ba. Jirgi ya yi ƙaurin suna ne saboda doka ta tilasta masa ƙirga marasa lafiyarsa ya faɗa.

Inda haɗarin yake

Mutane kan zargi tukunya, alhali galibi hannu ne. A manyan jirage akwai ɗakin da ake jera abinci a dogon teburi kowa ya zuba da kansa. Ludayi ɗaya ne a cikin shinkafa, kuma kafin a tashi cin rana ɗaruruwan hannaye sun riƙe shi. Wani ya fito daga makewayi bai wanke hannu ba, ya kama ludayin ya zuba, ya ajiye. Na bayansa ya kama, ya je ya zauna, ya gutsuri burodi da wannan hannun ya kai baki. Shinkafar lafiyarta lau, an dafa ta yadda ya kamata, amma cuta ta riga ta wuce. Haka abin yake ga mazubin gishiri, da maɓallin injin shayi, da bayan kujera, da takardar jerin abinci da ke yawo daga teburi zuwa teburi.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A gidan biki a Maraɗi sau da yawa a kan kawo roba ɗaya ta ruwa, mutum goma su tsoma hannu ɗaya bayan ɗaya, na ƙarshe ya wanke da dauɗar tara, sannan a taru a kan tire guda. Zuba ruwa da buta, ga sabulu, ga wani kwano yana tare ruwan, shi ne daidai, kuma abin da jiragen suka koma yi ke nan da suka girka famfunan wanke hannu a bakin ƙofar ɗakin cin abinci, da ma'aikaci a tsaye yana tunatar da masu shiga. Waɗanda suka ga annobar kwalara da ta faro daga Madarunfa a watan Yulin 2018, ta kama mutum fiye da 3,000, sun san hanyar. Ƙwayar kwalara daban ce da norobairos, amma daga bayan gida zuwa baki duk suke bi.

A cikin madafa ƙa'idar ta zafi ce da lokaci. Abinci mai sanyi ana riƙe shi a digiri 5 na ma'aunin Celsius ko ƙasa da haka, mai zafi a digiri 57 ko sama, naman kaza sai cikinsa ya kai digiri 74. Abin da aka fitar aka jera ba tare da wannan kariya ba, awa huɗu ne iyakarsa, daga nan a zubar, kuma ana liƙa masa alamar lokacin da aka fito da shi. Ɗanyen nama da kifi ba sa haɗuwa da dafaffen abinci a firigo ɗaya ba tare da an raba su ba. Ana sa gilashi a gaban abincin don tari da atishawa. Ruwan sha, ko an ɗebo shi a tasha ko an tace shi daga na teku, ana sa masa kulorin, a riƙa aunawa har zuwa famfo mafi nisa a jirgin, domin da shi ake yin ƙanƙara ana wanke ganye.

Masu bincike

A 1975 hukumar CDC ta kafa shirin duba tsabtar jiragen ruwa. Ya shafi duk jirgin da ke ɗauke da fasinja 13 ko fiye, mai zuwa ƙasashen waje yana kuma tsayawa a tashar Amurka. Masu bincike kan shiga ba sanarwa, bisa tsari sau biyu a shekara, su leƙa madafa, rumbun abinci, injinan wanke kwanuka, tankunan ruwa da littafin likita, su duba ko akwai kyankyasai da ƙudaje. Maki 100 ne; 86 zuwa sama an ci, 85 zuwa ƙasa an faɗi, kuma ana buga sakamakon a intanet kowa ya gani. Jirgi kan aika adadin masu ciwon ciki awa 24 zuwa 36 kafin ya iso tasha. In sun kai kashi 2 cikin ɗari na fasinja ko na ma'aikata sai rahoto na musamman, in sun kai kashi 3 a sanar wa duniya.

A matakin duniya, dokokin lafiya na Hukumar Lafiya ta Duniya na 2005, da suka fara aiki a 2007, sun wajabta wa jirgi takardar shaidar tsabta da ake sabuntawa duk wata shida. Yarjejeniyar MARPOL, ta hana jirage gurɓata teku, ita kuma ta hana zuba ɗanyen ruwan bayan gida a teku sai an yi nisan fiye da mil 12 na ruwa daga gaɓa.

Maki ba ya faɗin komai. A 2013, a tashar Skagway ta Alaska, masu bincike sun tarar an ɓoye kekunan abinci da kayan girki a ɗakunan kwanan ma'aikatan jirgin Silver Shadow don kada a gani, jirgin ya tashi da maki 82. Binciken yini ɗaya ne, girki kuwa kullum ne.

Ma'aikata

A nan ne abin ya fi damun mai lura. Masu girki da masu raba abinci yawancinsu daga ƙasashe irin su Filifin, Indonesiya da Indiya suke, suna watanni a teku, suna kwana a ƴan ƙananan ɗakuna mutum biyu ko fiye. Ƙa'ida ta ce mai taɓa abinci da ya ji amai ko zawo ya faɗa nan take, a keɓe shi, kada ya koma aiki sai ya yi awa 48 babu alamar ciwo. Ƙa'idar tana da kyau. Amma mutumin da iyalinsa ke jiran abin da zai aiko, wanda yake tsoron a ce masa raggo, yana iya danne cikinsa ya ɗaura ƙyallen aikinsa ya fito. Fasinja ma haka: ya biya kuɗi masu yawa, ba ya son a rufe shi a ɗaki, sai ya yi shiru ya shiga layin abinci. Jirgin da ke son tsabta ta gaskiya dole ya sa faɗin ciwo ya zama abin da ba ya jawo wa ma'aikaci asara.

Idan cuta ta ɓarke, matakin farko shi ne a karɓe ludayi daga hannun fasinja, ma'aikata su riƙa zubawa. A kwashe mazuban gishiri da barkono daga tebura, a yawaita goge duk abin da hannu ke taɓawa, masu ciwo a kai musu abinci ɗaki. Bayan abin da ya faru da jirgin Diamond Princess a tashar Yokohama ta Japan a Fabrairun 2020, inda korona ta kama mutum 712 cikin 3,711, kamfanoni da dama sun koma wannan tsari na ma'aikaci ya zuba lokacin da suka dawo aiki. Da annobar ta lafa, da yawansu sun sake mayar wa fasinja ludayin.