Karɓar kaya a sito: a ina lokaci da kuɗi suke zurarewa?

Me ake aunawa idan ana maganar karɓar kaya?

Masu sito da dama a kasuwanni irin su Singa da Dawanau a Kano, saurin sauke mota kawai suke dubawa. Alhali abin aunawa shi ne tsawon lokaci tun daga isowar mota har a ƙirga kayan, a shigar da su littafi, a jera su a mazauninsu. Buhun da ke jibge a bakin ƙofa ba a rubuta shi ba, ko mai saye ya zo, akawu bai san da zamansa ba.

To yaya ake auna wannan?

Biro da agogo sun isa. A bayan kowane waibil, wato takardar da ke rako kaya mai nuna adadinsu, a rubuta lokaci uku: isowar mota, gama saukewa, da shigarwa littafi. Bayan wata guda a jera takardun, inda jinkirin yake zai fito fili. Sau da yawa laifin ba na 'yan dako ba ne. Mota ce ta wuni tana jiran a share mata wuri, ko mai riƙe da mabuɗi ya tafi wata sabga.

Aikin 'yan dako ma yana aunuwa. Tirela mai buhu 600, kowane kilo 50, tan 30 ke nan. In mutum 10 suka sauke ta cikin awa 3, kowa ya ɗauki buhu 20 a awa.

Sauri ba zai jawo kuskuren ƙirga ba?

Zai jawo, kuma a nan asarar ta fi yawa. Shi ya sa na fi son kada a nuna wa mai ƙirga waibil sai ya gama nasa lissafin. Wanda ya riga ya ga an rubuta 600, ko 596 aka sauke, 600 zai gani. A riƙa tsamo buhuna daga gaba, tsakiya da ƙarshen mota ana ɗora su a sikeli. In masara ce a duba laimarta, don wadda ta haura kashi 13 cikin 100 ba ta jure dogon ajiya. Kayan katan kuwa a duba ranar lalacewarsu, wanda wa'adinsa ya fi kusa a sa shi gaba. Duk giɓi ko ɓarna a rubuta, direba ya sa hannu kafin ya tayar da mota, domin in ya fita sai dai musu.

Dole sai da kwamfuta?

A'a. Fara da sa direba ya kira tun yana hanya, a tanadi wuri da katakon jera kaya da 'yan dako, kada motoci biyu su yi karo a ƙofa ɗaya. Na'urar karanta lambar kaya tana da amfani in nau'o'in kayan sun yi yawa, amma sai an fara saba wa rubuta lokutan nan uku.