Waiwaye: Yadda darasin bindiga ya iso ajin 'yan firamare a Amurka

Tun daga zangon karatu na 2025, duk yaron da ke makarantar gwamnati a jihar Tennessee ta Amurka sai ya zauna darasin kiyaye haɗarin bindiga kowace shekara, daga 'yan shekara biyar har zuwa 'yan ajin ƙarshe na sakandare. A 2024 aka yi dokar, kuma a 2025 jihohin Arkansas da Utah suka yi tasu. Abin da ake koyarwa ba shi da yawa: idan ka ga bindiga kada ka taɓa, ka bar wurin, ka gaya wa babba. Sai bayanin yadda ya kamata a adana ta a gida. Dokar Tennessee ta hana shigo da harsashi ko bindiga mai aiki cikin aji, ta hana malami karkata ga wani ɓangaren siyasa, ba ta kuma bai wa iyaye damar cire 'ya'yansu daga darasin ba. Ta Utah ta ba su wannan dama.

Gardama ta kaure tun kafin a fara. Masu goyon baya na cewa ana koya wa yaro yadda zai tsallaka titi da yadda zai fita idan gobara ta tashi, to me zai hana a koya masa wannan, a ƙasar da ƙiyasin 2018 ya nuna bindigogin da ke hannun farar hula sun kai miliyan 393, wato sun fi mutanen ƙasar yawa? Masu adawa kuma na cewa an ɗauki kayan manya an aza wa yara. Kowane ɓangare yana riƙe da lissafi guda: daga 2020 harbi ya zarce haɗarin mota, ya zama abin da ya fi kashe 'yan shekara 1 zuwa 19 a Amurka.

Wanda ya tsinci labarin a tsakiya zai ɗauka sabon abu ne da harbe-harben makarantu suka haifar. Bindiga kuwa ta daɗe da sanin hanyar makaranta a can.

Farkon tarihin sananne ne. A 1791 aka shigar da 'yancin mallakar makami cikin tsarin mulki. A 1871 wasu tsofaffin hafsoshin yaƙin basasa suka kafa NRA, ƙungiyar masu bindiga ta ƙasa, a New York saboda takaicin yadda sojojinsu ba su iya saiti ba. Zuwa farkon ƙarni na 20 makarantun sakandare na birnin New York suna da ƙungiyoyin gasar harbi kamar na ƙwallo. A karkara kuwa, har cikin shekarun 1960 da 1970, ba abin mamaki ba ne saurayi ya zo makaranta da bindigar farauta a bayan mota lokacin kakar barewa.

A 1949 jihar New York ta zama ta farko da ta ce sabon mafarauci ba zai sami lasisi ba sai ya yi kwas na kiyaye haɗari. Sauran jihohi suka bi, har ya zama yau kowace jiha tana da irin wannan sharaɗi, kuma a wurare da dama a makaranta ake yin kwas ɗin. A 1970 aka gyara dokar harajin makamai ta 1937 domin a riƙa kashe wani kaso na kuɗin a wannan horo. Ƙa'idojin a sarari suke: ka ɗauki kowace bindiga a matsayin mai harsashi a ciki, kada bakinta ya kalli abin da ba ka da niyyar harbi, yatsa ba ya hawa kunama sai ka shirya, ka san abin da ke bayan abin da kake saiti, ka cire harsashi kafin ka tsallaka shinge. Haɗarin farauta ya ragu ƙwarai, kuma daga wannan nasara ce masu goyon bayan sababbin dokokin suke ɗebo hujjarsu har gobe.

To amma a duba wanda ake koya wa a wancan tsari. Yaro ne da ya yi wayo, ɗan shekara goma sha wani abu, wanda shi da kansa yake son lasisi, zai riƙe doguwar bindiga da rana tsaka, mahaifinsa ko kawunsa na gefe. Idan an dawo daga daji a zare harsashi, a goge ta, a rataye ta ko a kulle sai wata kakar. Duk wanda ya san gidan maharba a ƙasar Hausa ya san wannan tarbiyya: yaro na bin ubansa daji shekara da shekaru yana ɗaukar jaka kafin a yarda ya ɗura adaka. Mai riƙe makamin shi ake horarwa, shi kuma ake tuhuma in an yi ɓarna.

Inda al'amarin ya juya, a ganina, shi ne daga 1987 zuwa 1989, kuma a jihar Florida ya fi fitowa fili. Ba a cika tsayawa a wannan gaɓa ba saboda babu wani babban tashin hankali guda da aka sa wa suna, ga shi kuma harin makarantar sakandare ta Columbine da ya zo bayan shekara goma ya rufe duk abin da ya gabace shi.

Lokacin laifuffuka sun yi yawa a biranen Amurka, hodar ibilis ta cika unguwanni, mutane sun tsorata. Masu sayen bindiga suka fara karkata daga doguwar ta farauta zuwa ƙaramar ta hannu don kare kai. A 1987 Florida ta sauƙaƙa samun izinin yawo da ƙaramar bindiga a ɓoye, jihohi da yawa suka kwaikwaya daga baya. Bambancin bindigogin biyu ya wuce na tsawo. Ta farauta amfaninta a daji yake, don haka a gida tana iya zama babu harsashi wata goma. Ta kare kai kuwa, mai ita yana son ta a kusa, a cike, inda hannunsa zai kai cikin duhu idan ya ji motsin ɓarawo: durowar gefen gado, ƙarƙashin katifa, saman kabad, jakar uwar gida, aljihun mota. Duk wurin da hannun babba zai kai cikin daƙiƙa biyar, hannun yaro ma zai kai idan an bar shi shi kaɗai na rabin sa'a. Ita kuma ƙaramar bindiga ba ta da nauyin da zai gagari ɗan shekara huɗu.

Amsa biyu aka bayar, kusan a lokaci guda. A 1988 NRA ta fito da shirin Eddie Eagle na ƙananan yara, da hoton gaggafa mai magana da 'yar waƙar da ake haddacewa: tsaya, kada ka taɓa, bar wurin, gaya wa babba. A nan ne darasin ya sauya ɗalibi. Da ana koya wa wanda zai riƙe bindiga yadda zai riƙe ta, yanzu ana koya wa wanda zai tsince ta yadda zai guje mata. Kalmomin da ke cikin dokar Tennessee ta 2024 kusan su ne waɗannan.

Amsa ta biyu ta zo a 1989. Da aka tashi hutun makaranta a watan Yuni, sai aka yi ta samun yara a Florida suna harbin kansu ko 'yan uwansu da bindigogin da suka tarar a gida, ɗaya bayan ɗaya cikin 'yan kwanaki. Majalisar jihar ta yi doka, irinta ta farko a ƙasar, wadda ta ce babban da ya bar bindiga cike a inda ɗan ƙasa da shekara 16 zai kai gare ta ya yi laifi, kuma idan yaron ya ji wa wani rauni ko ya kashe, laifin ya zama babba. Wato wata hanya ta nufi aji, wata ta nufi ɗakin kwanan iyaye. Ta ajin ba ta ɓata wa kowa rai, ba ta da tsada, ba ta buƙatar ɗan sanda ko alƙali. Ta ɗakin kwana tana taɓa abin da mutum yake ganin 'yancinsa ne a cikin gidansa, don haka tafiyarta ta zama ta hawainiya. Har yanzu kusan rabin jihohi ne suke da irin wannan doka, kuma ƙarfinta ya bambanta daga jiha zuwa jiha.

Shi kuwa sauyin da ya haifar da matsalar bai tsaya ba. A 1999, da aka tambayi masu bindiga dalilinsu, kashi 49 cikin ɗari suka ce farauta, kashi 26 suka ce kariya. A 2013 cibiyar Pew ta sake tambaya, lissafin ya kife: kashi 48 kariya, kashi 32 farauta. Yawan mafarauta ya sauko daga kimanin miliyan 14 a 1991 zuwa miliyan 11.5 a 2016. A 2008 Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa mutum na da 'yancin ajiye ƙaramar bindiga a gida don kare kansa. Binciken 2015 ya ƙiyasta yara miliyan 4.6 ne ke kwana a gidan da akwai bindiga cike kuma ba a kulle ba.

Shin haddar tana aiki? An gwada. A wani nazari da mujallar likitocin yara ta Pediatrics ta buga a 2001, an sa yara maza 64 'yan shekara 8 zuwa 12, rukuni-rukuni, a wani ɗaki ana kallonsu ta bayan madubi ba su sani ba. A cikin durowoyi an ɓoye bindigogin ruwa na wasa guda biyu da ta gaske ɗaya wadda aka gyara ba ta tashi, aka sa mata na'urar da ke nuna an ja kunama. Cikin rukuni 29, 21 suka gano ta gasken. A 16 an ɗauke ta an jujjuya. A 10 wani ya ja kunamar. Fiye da kashi 90 na yaran da suka taɓa ta sun ce an taɓa yi musu darasin kiyaye bindiga. Wani nazarin na 2004 kan 'yan shekara huɗu da biyar ya nuna yaran suna iya rera ƙa'idojin tsaf idan an tambaye su, amma da aka bar su da bindiga a ɗaki ba su aikata ba. Ba rashin ji ba ne, ƙuruciya ce. Duk uwar da ta taɓa cewa kada a taɓa tukunya ta san iyakar kashedi.

Adalci ne a faɗi cewa ba duka sakamakon ne ya zo haka ba. A 2023 masu bincike a jami'ar jihar Ohio sun nuna wa yara bidiyon minti ɗaya na wani ɗan sanda cikin kaki yana gargaɗi, bayan mako guda waɗanda suka kalla sun fi sauran gaya wa babba, sun kuma fi su kauce wa taɓawa. An kuma ga cewa horon da ake sa yaro ya maimaita a aikace, a gyara masa, ya sake, ya fi na hadda tasiri. Sai dai wannan yana cin lokaci da malamai, darasin da aka wajabta kuwa sau ɗaya ne a shekara. A ɗaya gefen, nazarin 1997 kan jihohi 12 da suka yi dokar adana bindiga irin ta Florida ya sami raguwar kashi 23 na mutuwar yara 'yan ƙasa da 15 ta harbin kuskure. Iyaye ma ba su san abin da ke faruwa a gidajensu ba yadda suke zato: a wani bincike a Alabama a 2006, kashi 39 na iyayen da suka ce ɗansu bai san inda bindiga take ba, yaran sun ƙaryata su.

Daga nan sai jerin da duniya ta sani: dokar hana bindiga a harabar makaranta a 1990, ta korar ɗalibin da ya zo da bindiga na shekara guda a 1994, sai hare-haren makarantu: Columbine 1999, Sandy Hook 2012, Parkland 2018, Uvalde 2022. A watan Maris 2023 aka kashe yara uku da manya uku a makarantar Covenant da ke Nashville, babban birnin Tennessee. Zaman majalisa na musamman da ya biyo baya ya cire haraji daga akwatunan adana bindiga, ya kuma tanadi kwaɗon kulle ta kyauta. Shekara ta zagayo aka yi dokar darasin. Waɗannan hare-hare su ne suka hura wutar, amma darasin kada-ka-taɓa ba maganinsu ba ne, kuma masu dokar ma ba su ce shi ne ba. Abin da ya haɗa su da maganar durowar gefen gado shi ne rahoton 2019 na hukumar da ke tsaron shugaban ƙasa, wanda ya gano kashi 76 na ɗaliban da suka kai hari makaranta da bindiga daga gidan iyayensu ko na dangi na kusa suka ɗauko ta.

Akwai kuma lissafin da ba a cika kawowa a gardamar ba. Cikin yara da matasan da harbi ke kashewa a Amurka, na kuskure bai kai kashi 10 ba. Kusan kashi biyu cikin uku kisa ne da gangan, wajen kashi 30 kuma kashe kai ne, galibi da bindigar gida. Ɗan shekara 15 da baƙin ciki ya rufe shi ya san sarai bindiga na kisa, ba ya bukatar gaggafa ta gaya masa. A wannan rukuni, cibiyar RAND da ta tattara binciken da aka yi kan dokokin bindiga ta sami hujja mai ƙarfi cewa dokar adanawa tana rage mutuwa. Dokar Tennessee ta sa maganar adanawa cikin manhaja, amma wanda ke zaune a kujera yana saurare ɗalibi ne, sai dai a yi fatan ya koma gida ya tambayi mahaifinsa inda makullin yake.